Amanar Ma'aikacin Jinya Tsakanin Doka da Shari'a

Duk wanda ya san Wudil ranar Juma'a, sa'ad da kara ke cika da shanu, manyan motoci kuma na tururuwa kan gada zuwa Maiduguri, ya san cewa wanda hatsari ya rutsa da shi, in an kai shi Babban Asibitin garin jina-jina, galibi hannun nas yake fara faɗawa kafin likita ya iso. A nan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yanke hukunci sarai: haramun ne a ƙi ba da agajin gaggawa bisa kowace irin hujja, har da rashin kuɗi, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Sirri kuwa, a ganina, ya fi wannan wuyar riƙo, domin a garin da kowa ya san kowa, suruka takan tare nas a bakin ɗakin haihuwa tana cewa, "'Yata, me aka gani a jinin yarinyar nan?", alhali doka ta hana a faɗa sai da iznin majinyaciya, ko umarnin kotu, ko wata larura da dokar ta ambata. A ɓangaren Shari'a kuwa, fukaha'un Malikiyya ma tun dā sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani da jahilci ko sakaci.

Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon soke sunan mai laifi daga rajista, kuma ƙofarta a buɗe take ga wanda aka zalunta.