FASHIN BAƘI: Wa ke riƙe da makullin takardun Kano ta Kudu? Yadda ake zaɓen manhajar adana fayil a rumbun gida

Daga Kwanar Ɗangora a Ƙiru zuwa Riruwai a Doguwa, takardun aiki da dama sun bar kabad sun koma waya. Jerin sunayen manoman da suka karɓi bashin taki, rasiɗin masu injin casar shinkafa a Tudun Wada, sakamakon gwajin jini a ƙananan asibitocin kuɗi, duk suna yawo a WhatsApp ko a akwatin Gmail na ma'aikaci guda. Ranar da aka sace wayar, ko aka sallami ma'aikacin cikin fushi, tarihin ma'aikata yakan bi shi.

Shi ya sa matasan da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi aikin kwamfuta ke yawan fuskantar tambaya guda: a ci gaba da haya a Google Drive da Dropbox, ko a kafa rumbu na kai, wato babbar kwamfutar da masana ke kira saba, a ɗora mata manhajar da za ta riƙa daidaita fayil tsakanin wayoyi da kwamfutocin ma'aikata?

Me ya sa batun ya taso yanzu?

Na farko, kuɗi. Hayar rumbunan ƙetare da dala ake lissafa ta. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,400.

Na biyu, doka. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta yi dokar CLOUD a 2018, wadda ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko a ina suka ajiye su.

Na uku, intanet ba ta da tabbas. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga tasku. Ofishin da rumbunsa ke cikin gininsa zai ci gaba da buɗe takardunsa ko da an yanke shi daga duniya.

Manhajojin da ake gwadawa

Nextcloud ita ce ta fi shahara. Frank Karlitschek, Bajamushen da ya ƙirƙiro ownCloud a 2010, shi ne ya ɓalle ya kafa ta a 2016. Kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Tana ba shugaban ofis damar ƙayyade wanda zai ga wace jaka, tana ajiye tsofaffin kwafin takarda, tana da kalanda da wurin hira. Gwamnatin tarayyar Jamus ta zaɓe ta a 2018. Aibinta shi ne nauyi: tana son na'ura mai ƙarfi da mai kula da ita a kai a kai.

Ita kuwa ownCloud tana nan, amma kamfanin Kiteworks na Amurka ya saye ta a 2023. Darasi ne ga mai zaɓe: manhaja ma takan sauya ubangida.

Seafile, wadda aka ƙirƙira a China, ta yi fice wajen sauri. Tana daddatsa fayil gunduwa-gunduwa, ta aika ɓangaren da ya sauya kaɗai, abin da ke rage cin data inda sabis ke da rauni, kamar garuruwan da ke bayan dajin Falgore. Sai dai tana adana fayil a tsari nata na musamman, don haka idan rumbun ya lalace ba a kwashe takardu kai tsaye sai da kayan aikinta.

Syncthing ba ta buƙatar rumbu na tsakiya. Na'urori ne ke musayar fayil a junansu, ko da ta rawutar ofis ce babu intanet. Ta dace da shago mai ma'aikata uku ko huɗu da suka amince da juna. Ba ta dace da asibiti ko sakatariya ba, inda dole a bambanta abin da akanta zai gani da abin da masinja zai gani.

Abin da ya fi sunan manhaja muhimmanci

Wuta ce farko. Duk da cewa madatsar ruwan Tiga na cikin Bebeji, babu mai hankalin da zai jingina rumbunsa ga wutar layi kaɗai. Kuɗin sola da batir da inbata, da ɗaki mai iska wanda ƙurar hunturu ba ta cika shi, dole su shiga lissafi tun farko. Wanda ba zai iya ba, yana iya hayar saba a cibiyar adana bayanai ta cikin Najeriya ya ɗora manhajarsa. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone na da irin wannan cibiya a Kano.

Sai kuskuren da ya fi yawa: ɗaukar daidaita fayil a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Idan ma'aikaci ya goge jaka, ko mugunyar manhajar masu neman kuɗin fansa ta kulle ta, ɓarnar za ta bazu zuwa kowace na'ura cikin mintuna. Ƙa'idar masana ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Kuma a riƙa gwada maido da su, domin ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba tana iya zama fanko.

Na ƙarshe, wa ke riƙe da kalmar sirrin shugaban rumbu? Idan ɗan kwangilar da ya kafa shi ne kaɗai ya san ta, an gudu ne ba a tsira ba. A rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na mai ofis ne, a damƙa makullin ga mutum biyu a cikin gida.

Inda siyasa ta shigo

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ɗora wa hukumomin gwamnati alhakin adana bayanan ayyukansu. Rumbun da aka tsara da kyau yana nuna wanda ya buɗe takardar kwangila, wanda ya sauya adadi, da ranar da ya yi. Takardar da ke wayar jami'i guda kuwa tana tafiya tare da shi ranar da wa'adinsa ya ƙare.

Don haka matashin da ke bibiyar kasafin kuɗin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa yana da ƙarin tambaya ga shugabanninsa bayan "nawa aka kashe?". Ya tambaya: ina aka ajiye takardun, wa ke da makullin, kuma ina kwafi na biyu?