Ƙidayar Gizo-gizo a Dajin Mkomazi

Yana daga cikin abubuwan al'ajabi a ce halittar da aka sanya wa sura guda sunanta a cikin Alƙur'ani mai girma, watau Suratul Ankabut, wadda kuma da wuya a sami ɗakin da ba ta yi saƙa a kusurwarsa ba, har yau ma'abota ilmi ba su san iyakar jinsunanta ba. Kundin sunayenta da ake tsare da shi a birnin Bern na Suwizalan ya cika jinsi 50,000 a shekarar 2022, kuma masana na kyautata zaton abin da ya saura a ɓoye ya yi kusan wanda ya bayyana, galibinsa kuwa a karkarar ƙasashe masu zafi.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne Mkomazi, wani daji na ƙaya da dashi a arewa maso gabashin Tanzaniya, kan iyakar Kenya, inda a shekarun 1990 wata tawagar masana ta ɗauki azamar ƙididdige halittunsa, aka ɗora wa wani Bature, Anthony Russell-Smith, sha'anin gizo-gizo.

Aikin kuwa na masu haƙuri ne. Akan binne kofuna a ƙasa, bakinsu daidai da doron ƙasa, domin masu yawo su rufta ciki; akan share ciyawa da raga mai mariƙi; akan shimfiɗa farin ƙyalle a gindin itace a doki rassa da sanda, abin da ya faɗo a tsince shi a jefa cikin kwalbar sifirit, tare da 'yar takarda mai ɗauke da rana da wuri, domin samfurin da ba shi da wannan shaida ba shi da wani amfani. Masu wannan sana'a kan fita da dare da tocila a goshi, saboda akwai dangin da idanunsu ke mayar da haske, har mutum ya hangi ƙyallinsu cikin ciyawa kamar raɓa. Wajibi ne kuma a maimaita da rani da damina, tun da yake wanda ya bayyana a wannan lokaci yakan ɓace a wancan.

Amma haƙiƙa wahalar tana ɗakin bincike, gama ba a tabbatar da jinsi sai an duba gaɓoɓin haihuwar baligi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, wanda bai balaga ba kuwa sau da yawa sai a ajiye shi ba suna. Shi ya sa sai a 2000 Russell-Smith da malama Wanda Wesolowska ta ƙasar Folan suka wallafa bayanin dangin gizo-gizo masu tsalle kaɗai daga cikin abin da aka tara, da yawansu ba a taɓa sa musu suna ba.

Mai karatu na iya cewa, ina fa'idar wannan ɗawainiya? To, a gaɓar Tafkin Biktoriya akwai wani ɗan mai tsalle, Evarcha culicivora, wanda aka siffanta a 2003, da ya fi son macen sauro wadda ta ƙoshi da jini, musamman irin mai yaɗa zazzaɓi. Ba zai kawar da cutar ba, amma da ba a tsaya tahƙiƙi ba, da tsintsiya ce rabonsa.

Russell-Smith da Wesolowska sun kuma wallafa bayanin masu tsalle na kudancin Nijeriya a 2011. Mu kuwa da ke da dashi da ƙaya irin na Mkomazi, muna kuma kiran kusan kome gizo-gizo ko tautau, ya kamata ɗalibanmu na ilmin halittu su ɗauki kofi da farin ƙyalle su fara da gonakin garinsu a daminar bana.