Delft da Sakkwato: Garin da Ake Gani da Garin da Ake Ji

Duk wanda ya san tashar Illela ya san ba 'yan kasuwa kaɗai ke ƙetaro iyaka ba. A cikin masu shanu da masu albasa akwai ayarin da ba ciniki ya kawo su ba: dattawa da mata da almajirai daga Ƙonni da Tawa da Madawa, sun nufi Sakkwato ziyarar Hubbaren Shehu. Daga Illela tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, a bi ta Gwadabawa da Kware. Yau da wuya ka ga wanda ba ya riƙe da waya mai ɗaukar hoto a cikinsu, amma in ka karɓi wayar mutum bayan ya dawo, abin da ke ciki kaɗan ne: ƙofa, bango mai fenti, sai shi kansa tsaye cikin sabuwar riga. Tambaye shi da baki kuwa, sai ya raba dare yana ba ka labari.

A ƙasar Holan akwai garin da abin ya juye. Sunansa Delft, yana tsakanin Rotadam da Heg, birnin da kotun duniya take. Baƙo na iya wuni a can ya cika wayarsa da hotuna, kowanne ya isa a rataya a ɗaki, ya koma gida bai san wanda ya gina ko gada ɗaya ba. Abin da ya sa na ɗora garuruwan biyu a ma'auni guda shi ne kowannensu na riƙe da kabarin mutumin da al'umma ke ganin daga gare shi ta faro. A Delft aka harbe Wiliyam na Oranye ranar 10 ga Yuli, 1584, shi ne ya jagoranci tawayen Holan a kan mulkin Sifen, kuma a cocin da ake kira Nieuwe Kerk aka binne shi. A Sakkwato Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817. Ba mutanen biyu nake gwadawa ba, matsayin Shehu a addini daban yake. Garuruwan nake aunawa, da irin abin da kowanne ke sallamar baƙonsa da shi.

Delft ido take ciyarwa. Tun 1246 aka ba ta matsayin birni, kuma hanyoyin ruwan da aka haƙa a tsakiyarta suna nan inda suke, da gadoji da bishiyoyi da gidajen jan bulo a jere a bakin ruwa. Hasumiyar tsohon coci, Oude Kerk, ta karkace da kusan mita 2, ta sabon cocin, Nieuwe Kerk, kuma ta kusa mita 109, mai ƙarfin gwiwa ya taka matakala 376 ya hango garin duka. A gidan da aka kashe Wiliyam har yau ramukan harsashi suna nan a bango. Mai kamara ba ya wahala: ruwa ya ba shi gini biyu, na sama da inuwarsa.

Ba wai garin bai ga masifa ba ne. Gobarar 1536 ta cinye babban ɓangarensa, a 1654 kuma rumbun albarushi ya fashe ya share unguwa guda. Kowane karo sai a sake gini a bakin hanyoyin ruwan nan dai. Dalilin a fili yake. Kusan rubu'in ƙasar Holan yana ƙasa da tsayin teku, wanda ya yi sakaci da madatsa ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da maƙwabcinsa. Shi ya sa tun 1289 yankin Delft ke da hukumar ruwa tata, kuma irin waɗannan hukumomi har gobe suna karɓar harajinsu, ana zaɓen wakilansu. Ga kuma doka da ta hana mai tsohon gida da aka yi wa rajista ya sauya masa fasali sai da izini. Kyawun da baƙo ke ɗauka a hoto, ashe gyara ne na ƙarni bakwai da ba a daina ba.

Sakkwato kunne take ciyarwa. Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809, aka kewaye ta da ganuwa mai ƙofofi takwas. Yau Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku suna bakin kowane ɗan acaba, amma ganuwar sai dai a nuna maka inda ta bi. Manyan masallatan Shehu da Bello an sake gina su da siminti a ƙarni na 20. Ɗegel, nan ƙasar Gwadabawa, inda Shehu ya zauna yana karantarwa har hijirar 1804 zuwa Gudu, wanda bai san tarihi ba zai wuce ya ce ƙauye ne kamar kowane. Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufai ne. Mai kamara zai tsaya ya rasa inda zai auna.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi adalci. Ƙasa ba jan bulo ba ce. Ginin tubali rayuwarsa yaɓe ne, damina biyu ko uku in aka yi banza da shi, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, sai labari. Sannan waɗanda suka kafa daular sun zuba ƙarfinsu a takarda ne, ba a bango ba. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar rubuce-rubuce ɗaruruwa. Mai son sanin yadda aka gwabza a Tafkin Kwatto a 1804 zai samu a Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi, daga alƙalamin waɗanda aka yi da su. Delft tana alfahari da zanen da Yohanas Vermeer ya yi mata wajen 1660, wanda ke rataye a Heg. Zanen ya nuna ƙofofin gari biyu da su ma Turawan suka rushe a ƙarni na 19, don ba mu kaɗai muka iya rusau ba. Su sun san kamannin abin da suka rasa, mu mun san abin da aka faɗa da abin da aka yi a wurin da muka rasa.

Har tsarin gida ya bambanta, kuma shi ne abin da mai hoto ya fi cin karo da shi. Gidan Holan fuskarsa na kallon titi, tagoginsa manya, sau da yawa ba a ma sakin labule. Gidan Bahaushe kuwa baya ya ba titi. Iyakar baƙo zaure, in an yi masa ado da dagi da zanko a goshin gida, to wannan ne rabon mai wucewa. Tsakar gida da ɗakin amarya da jerenta, inda kyawun yake, ba na kamara ba ne. Don haka wanda ya ce garuruwanmu ba su da abin ɗauka, bai san cewa mafi yawan abin ɗaukar an ajiye shi ne da gangan bayan sallama. A nan bakin iyaka akwai ƙarin wani shinge: ɗaga waya kusa da shingen kwastan ko na sojoji, a Illela ko a Ƙonni, jan magana ne.

To baƙon fa, wa ya fi samu? A Nieuwe Kerk tikiti ake saya a shiga. Fiye da rabin mutanen Holan yau ba sa danganta kansu da wani addini, mafi yawan masu shiga kallon marmara da tagogi ya kawo su. A Hubbare takalmi ake cirewa, a yi sallama, a yi addu'a, a ba masu tsaron wuri abin sadaka. Matan karkara na zuwa ƙungiya ƙungiya, bisa tafarkin 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa, ita ma nan kusa da mahaifinta take kwance. Wuri ne mai rai, ba gidan kallo ba. Wannan Delft ba za ta iya sayensa da kuɗi ba.

Amma Delft na da abin da mu ba mu da shi. Baƙonta yana kwana, ya ci abinci, ya shiga kwalekwale, ya sayi farantin tangaran mai shuɗin zane daga masana'antar da ke aiki tun 1653. Kuɗinsa na komawa ga gyaran abin da ya zo gani. Namu baƙon yakan juya a ranar, riba sai ta direba da mai ruwan leda. Kuma ɗan Holan ɗan shekara goma zai iya sa yatsa ya nuna ramin harsashi, labarin 1584 ya zauna masa. Namu yaron an ce masa akwai ganuwa, ya duba ya ga shagon caji. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma jin da ba shi da abin nunawa yana raguwa duk lokacin da aka binne dattijo.

Hanyar Turawan ma tana da tsadarta. Ƙauyen Giethoorn, mai mutane ƙasa da 3,000, yana karɓar baƙi dubbai ɗaruruwa a shekara, har masu gida na kafa alluna don a daina faɗa musu lambu. A 2018 hukumar Amsterdam ta cire manyan haruffan sunan birnin daga gaban gidan tarihinta saboda cunkoson masu hoto. Ba wanda ke fatan ranar da za a hana tsohuwa daga Tawa addu'a don wani yana gyara tsayuwa.

In an tambaye ni, ba kamannin Delft ya kamata mu ɗauko ba, ɗabi'arta ta gyara ce. Kuma ba sai mun je Turai neman shaida ba, hanyar da ta fita daga Illela ta yi arewa ta ishe mu. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962 da hannun mutanen gari, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya. A Agadas hasumiyar ƙasa mai mita 27 tana tsaye tun gyaran 1844 saboda ba a daina yi mata yaɓe ba, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Ƙasa ɗaya ce da tamu, damina ce kawai ta fi sauƙi, sai kuma niyya.

Aikin ba mai yawa ba ne a farko. Ƙananan hukumomin Gwadabawa da Gudu da Sabon Birni su shata wuraren tarihinsu kafin a yanka su filaye, a kafa allo da boko da ajami da Faransanci, tunda da yawa daga cikin maziyartan daga ƙetare suke. Masarautu su nemo magina da suka rage, a ba su aikin yaɓe duk kaka, su koya wa yara. Gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ya buɗe ma'ajiya ta hotuna da muryoyi. Samarin da ke yawo da waya kuma su juya ta daga fuskarsu, su ɗauki tsohon zaure da rumbu da rijiya, da izinin mai su, su zauna gaban dattijon unguwa su naɗi abin da ya sani, su rubuta sunan wuri da kwanan wata. Wanda ya haɗa hoton da labarin ya fi mai yawon Delft, ya kuma fi maziyarcin da ya dawo da labari kaɗai.