Ciniki Maras Shinge: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Tattaunawarsa?

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ita ce wadda ƙasashe ke ƙullawa domin rage ko soke kuɗin fito, wato harajin da kwastan ke karɓa idan kaya sun tsallaka iyaka. Kafin a rattaba hannu akan shafe shekaru ana ja-in-ja a kan kowace haja, aikin da ke buƙatar lauyoyi da masana tattalin arziki waɗanda ake ɗaukar nauyinsu daga kasafin kuɗin gwamnati. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa ofishin tattaunawar kasuwanci a 2017 ƙarƙashin Jakada Chiedu Osakwe, kafin Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar AfCFTA ta nahiyar Afirka a Yamai cikin Yulin 2019, bayan jinkirin da ƙorafin masu masana'antu da 'yan ƙwadago ya haddasa.

Lamarin ya shafi mai sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, domin ƙa'idar asalin kaya, wadda ke tantance ƙasar da aka sarrafa haja, ita ce ke hana yadin Sin shigowa da sunan na Afirka ya mori rangwamen, kuma wakilan da aka tsuke wa aljihu ba kasafai suke iya tsayawa kai da fata a kanta ba.