Ƙafa ta uku: Darasin da kwamfuta ta koya mini a kan wayar ƙasa

A daminar da ta gabata, wani dare na yi alwala ina jiran kiran sallar isha'i, sai na zauna a falo ƙafata ba takalmi domin in ƙarasa wani rubutu. Ina ɗora hannu a kan kwamfutata ta tafi-da-gidanka, mai gangar jiki ta alminiyam, sai na ji wani zir-zir a tafin hannuna kamar tafiyar kiyashi. Na ɗauke ƙafafuna daga kan tayil, abin ya ragu. Na zare caja, ya ɗauke ɗif. Na mayar, ya dawo.

Na san da yawa daga cikin masu karatu sun taɓa gamuwa da irin wannan. Wani kan sa silifas ya ci gaba da aikinsa, wani ya shimfiɗa darduma, wani kuma ya ɗora laifin a kan Nepa, duk da cewa an sauya wa hukumar suna tun 2005. Ni ma silifas ɗin na sa har tsawon mako biyu, kafin na tuna cewa ruwa ba ya tsami banza.

Bayanin abin ba shi da wuya. Wutar da ke shigowa gidajenmu volt 230 ce, ita kuwa kwamfuta abin da take bukata bai wuce 19 ko 20 ba. Aikin caja shi ne ta sauko da wutar, kuma tana yin haka ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Wannan saurin kan haifar da hayaniyar lantarki mai dagula rediyo da sauran na'urori, saboda haka masu ƙera caja kan sa wani ɗan ƙaramin abu da ake kira kafasita domin ya kwantar da ita. To, ta cikinsa ne 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ɗaya ba, kan tsiyaya zuwa jikin kwamfutar. Idan akwai wayar ƙasa, tsiyayar sai ta bi ta, ta nutse a ƙasa salin-alin. Idan babu, sai ta tsaya tana jiran hanya, kuma hanyar ita ce mutumin da ya taka tayil da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Wanda ya auna jikin irin wannan kwamfuta da mita yana iya ganin volt 100 ko fiye ya tsorata, alhali ƙarfin da ke bayanta bai isa ya yi illa ba, muddin cajar ta ƙwarai ce.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cajata mai ƙafa uku ce, wato an yi ta ne da nufin ta zubar da tsiyayarta a ƙasa. Na kira wani mai aikin wuta da na yarda da shi. Ya fara kwance akwatin jona wutar da na saya a kasuwa, mai ramuka uku-uku gwanin sha'awa, sai ga waya biyu kacal a ciki. Ramin na uku ado ne. Ya kwance soket ɗin bango, nan ma maƙalar wayar ƙasa fayau take. Muka zagaye gidan muna neman inda aka kafa sandar ƙasa, ko alamarta ba mu gani ba. Shekara shida ke nan ina zaune da iyalina a wannan gida na haya.

A nan ne hankalina ya tashi, domin maganar ta wuce ta kwamfuta. A gidan akwai firiji, da dutsen guga, da hita, da injin jan ruwa, duk masu jikin ƙarfe. A gidan da aka yi wa wayar ƙasa yadda ya kamata, ranar da wayar wuta ta sale ta taɓa jikin firiji, wutar za ta kwarara ta wannan waya, fis ya ƙone ko makatsar wuta ta faɗi. A gidan da babu, firijin zai ci gaba da aiki lafiya lau ɗauke da volt 230 a jikinsa, har sai yaro ya zo ɗaukar ruwan sanyi. Wannan kuwa ba zir-zir ba ne: wutar da ta kai 'yan gomomin miliamfiya, idan ta ratsa ƙirji, tana iya dagula bugun zuciya.

Fulogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, wanda aka fito da shi a 1947, da gangan aka tsawaita ƙafarsa ta sama, domin ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Ita ce kuma ke buɗe murfin da ke kare yara daga cusa abu a ramukan wuta. Mu kuwa mun mayar da ramin nata wurin tura murfin biro domin fulogi mai ƙafa biyu ya samu shiga.

Ga wanda kwamfutarsa ke jan sa, shawarata ita ce ya bi abin daki-daki. Ya zare caja ya ga ko abin zai daina. Idan cajar mai ƙafa biyu ce, ya duba ko kamfanin yana da igiya mai ƙafa uku da ta dace da ita. Ya jona ta kai tsaye a bango, ya ajiye akwatin jona wuta na araha. Idan abin bai daina ba, ya kira ƙwararre ya auna soket ɗin da na'ura, kada ya wadatu da ɗan hasken testa. Idan kuwa jan mai zafi ne, ko cajar na ƙauri, ko ta tsage, to ya rabu da ita nan take, domin jabun caja kan rasa katangar da ke raba wutar bango da jikin kwamfuta.

Akwai dabaru biyu da nake roƙon mai karatu ya guje musu. Na farko, wasu masu gyara kan haɗa maƙalar ƙasa da wayar nutural a cikin soket, zir-zir ya ɗauke, maigida ya yi godiya. Ranar da nutural ta tsinke, ko aka juya wayoyi a kan fal, jikin kowace na'ura a gidan zai ɗauki cikakkiyar wuta. Na biyu, ɗaura waya a bututun ruwa ko ƙarfen taga. Bututun yau akasari na roba ne, ƙarfen taga kuwa bai kai ƙasa ba, sai dai ya zama sabon tarko.

Gyara na gaskiya shi ne a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a ja waya mai launin kore da rawaya daga gare ta zuwa akwatin rarraba wuta, daga nan zuwa kowane soket. Ƙasarmu ta Arewa kan bushe ƙayau da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai, shi ya sa ake zurfafa ramin, wasu su zuba gawayi da gishiri. Sai dai gishiri na cin ƙarfe, saboda haka a riƙa sake aunawa. A haɗa da makatsar nan mai gano tsiyaya, wadda ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta ɓace hanya. Janareto da inbata su ma suna bukatar a haɗa su da ƙasa.

Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA domin duba aikin wuta a gine-gine, hukumar SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ke kasuwa. Amma kafin mu nuna musu yatsa, mu tambayi kanmu, mu da muke gina gidaje muna bayarwa haya. Mukan tsaya a kan launin tayil da fenti, amma idan mai aikin wuta ya kawo lissafi, wayar da ba a gani ita muke fara sokewa. Tun ran gini ran zane.

Ni dai mun daidaita da mai gidana, aka yi aikin, aka cire kuɗin daga na haya. Yanzu nakan taɓa kwamfutata ƙafa ba takalmi ban ji komai ba, kuma ba na fargaba idan autata ta nufi firiji. Allah Ya kare mu da iyalanmu, amin.