Daga Jakar Wasiƙu: Ya Gama Karatun Haɗa Magunguna, Me Ya Sa Zai Ƙara Shekara?

Wannan wasiƙa ta fito ne daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi mai sauraronmu a Dawanau. Ya ce ɗan wansa ya gama karatun haɗa magunguna a Amurka, dangi suna murna zai kama aiki, sai ga shi ya aiko cewa zai ƙara shekara guda ta horo a wani kamfanin inshorar lafiya, kuma albashin kaɗan ne. Yana tambaya, shin wannan abu gaskiya ne, ko kuwa yaron ya faɗi jarrabawa ne yake ɓoyewa?

To Alhaji, mun gode da wasiƙa, kuma ka kwantar da hankalinka. Wannan horo sananne ne a can, kuma wanda ya faɗi jarrabawa ba ya ko samun shiga. Sai wanda ya karɓi digirinsa na dakta a fannin magunguna, wanda yakan ci shekara 6 zuwa 8 bayan sakandare. Horon ba dole ba ne. Yana iya tafiya babban kantin magani ya kama aiki da zarar ya sami lasisi. Amma aikin da yake hange daban ne, kuma ba za ka gane shi ba sai ka san yadda ake biyan kuɗin magani a ƙasar.

A Amurka yawancin mutane ba sa zaro kuɗin magani duka daga aljihu kamar yadda kake yi a kemis. Kowane wata suna zuba wani abu a asusun inshora, ko kuma wurin aikinsu ya zuba musu, gwamnati kuma tana ɗaukar nauyin tsofaffi da marasa ƙarfi. Idan ciwo ya zo, daga asusun ake biyan kaso mafi tsoka. To da kuɗin asibiti ya yi ta hauhawa, sai aka ce bai yiwuwa a bar asusu a buɗe kowa ya ɗiba. A shekarar 1973 shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar da ta ƙarfafa kafa ƙungiyoyin da ke haɗa kula da lafiya da kula da kuɗin wuri ɗaya. Mu ma nan Najeriya akwai kamfanoni masu irin wannan aiki tun da aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa a 2005.

Ka ɗauki misalin ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi don sayen taki. Dole a sami mutum wanda ya san taki, ya san mai kyau da gurɓatacce, ya san wanda ya dace da wace gona, sa'annan ya iya ciniki da masu sari. Wannan shi ne matsayin da ɗanka yake nema, sai dai shi a kan magani ne, kuma mutanen da ke cikin asusun kan kai dubbai, wani wurin ma miliyoyi.

Babban abin da zai koya shi ne tsara jerin magungunan da asusun ya yarda zai biya. Idan sabon magani ya fito, shi zai zauna ya karance binciken da aka yi a kansa, ya gwada shi da tsohon da ake da shi: ya fi shi aiki ne, ko kuwa tsada kawai ya fi shi? Sai ya rubuta rahoto ya kai gaban wani kwamiti na likitoci da masana magunguna, su yanke hukunci. Zai kuma koyi duba takardun neman izini, domin akwai magunguna masu tsada da asusun ba ya biya sai likita ya kawo hujja. Wani lokaci ma akan ce sai mara lafiya ya fara gwada mai araha tukuna, in bai yi masa ba a wuce zuwa mai tsadar. Ban da wannan akwai bin bayanan dubban marasa lafiya a kwamfuta, a gano mai hawan jini da ya daina karɓar maganinsa, ko tsohuwar da likitoci biyu suka rubuta wa magungunan da ba sa jituwa a jiki.

Kada mu ɓoye maka, aiki ne mai jawo tsegumi. Mara lafiyar da aka ce ya jira izini ba ya jin daɗi, likitoci ma suna kuka da yawan cike takardu. Sa'annan akwai manyan dillalan da ke tsakanin masu yin magani da kamfanonin inshora. Uku daga cikinsu, wato CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na takardun maganin da ake biya a ƙasar, kamar yadda hukumar kula da ciniki ta Amurka ta nuna a rahotonta na 2024, kuma ana zarginsu da cewa ribar da suke ci tana ƙara wa magani tsada. A ganinmu wannan ne ma ya sa ake bukatar wanda ya san magani ya zauna a teburin, kada a bar wa masu lissafi kaɗai.

Shiga kuwa ba wasa ba ce. Guraben wannan fanni kaɗan ne in aka gwada da na asibiti. Yaro kan aika takardunsa wajen ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, a kira shi a yi masa tambayoyi, sa'annan ya jera wuraren da yake so bi da bi, su ma su jera waɗanda suke so. Kwamfuta ce ke haɗa su, sakamako ya fito a watan Maris. Inda ta haɗa ka nan za ka, ba a sake ciniki. Ana fara aiki wajen Yuli, a yi wata 12 cur, a gabatar da bincike guda kafin a sami takardar shaida.

Batun albashi, gaskiya ya faɗa maka. Abin da ake ba mai wannan horo sau da yawa bai kai rabin na wanda ya kama aiki a kanti ba, ga kuɗin haya, ga bashin karatu idan ya ci. Saboda haka a wannan shekara kada dangi su sa ran aike mai yawa. Abin da yake saye da wannan haƙuri shi ne ƙofa: kamfanoni da yawa sun fi son wanda ya yi horon, in ba haka ba sai mutum ya yi shekaru yana aiki kafin su dube shi.

Idan kun yi waya, Alhaji, tambaye shi abu biyu. Na farko, shin ƙungiyar ASHP tare da AMCP, waɗanda su ke tantance irin wannan horo, sun amince da wurin da zai je? Domin akwai wuraren da ba a tantance ba, kuma takardarsu ba ta kai waccan nauyi ba. Na biyu, ya ci jarrabawar lasisi ta jihar da zai zauna? Sukan ba shi 'yan watannin farko ne kawai ya kawo lasisin, in bai kawo ba ana iya sallamarsa.