Baki daban, murya daban

[Kiɗan buɗe shiri]



An sha biki, an ɗauki bidiyo da waya, an kai wa mai shago ya ɗora a faifan DVD don Hajiya ta kalla a talabijin ɗin ɗakinta. Farkon faifan lafiya lau. Ana isa wurin kamu sai ka ga maguɗiya ta kama hanci, ta rangaɗa, ta saki, har ta juya tana gaisawa, sannan guɗar ta iso. Nan da nan a ce faifan ne jabu. Galibi kuwa faifai ba shi da laifi, wajen juya bidiyon aka samu matsala.

Kafin a taɓa komai, a duba wuri uku: farko, tsakiya da ƙarshe. A nemi inda aka tafa ko aka buga ƙofa, a lura ko tazarar da ke tsakanin hoto da sauti tana nan yadda take, ko ƙaruwa take yi.

In ba ta canjawa, an yi sa'a. A buɗe bidiyon a manhajar VLC, a riƙa danna J ko K. Kowane danni na matsar da sauti da kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan baki da murya sun haɗu, a rubuta lambar. Amma fa VLC kallo kawai take gyarawa, sai an sa lambar nan a manhaja irin Avidemux an adana, sannan gyaran ya zauna.

Mai ƙaruwar ita ce ke ba masu shago ciwon kai. Bidiyo dai jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. Tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, na Amurka da Japan 29.97, fim ɗin silima kuma 24. To, idan manhaja ta kora hoto daga 24 zuwa 25 ta bar sauti yadda yake, duk minti ɗaya hoto zai tsere wa murya da kusan daƙiƙa biyu da rabi. Minti goma kacal, jarumi ya fita ɗaki muryarsa tana ciki tana faɗa. Gyaran shi ne a ƙara wa sautin gudu shi ma, kimanin kashi 4 cikin 100, kuma Audacity na yin wannan kyauta. Af, haka gidajen talabijin na Turai suka daɗe suna yi wa fina-finan Amurka, har fim na awa biyu yakan ragu da kusan minti biyar, masu kallo ba su sani ba.

Bidiyon waya kuwa halinsa daban. Waya ba ta tsayawa kan adadi ɗaya, in haske ya yi ƙasa sai ta rage hotunan, in ya dawo ta ƙara. DVD bai san wannan zancen ba. Manhajar MediaInfo za ta nuna ko haka bidiyon yake. In haka ne, a fara bi da shi ta HandBrake, a tsayar da shi cak a kan 25, kafin a nufi faifai.

A duba ma'aunin sautin ma, wato sample rate: DVD 48,000 yake so a daƙiƙa, VCD 44,100. In aka rikita su, muryar dattijo kan sirance ta kama sauri.

Idan abin ya ƙi zama daidai wa daida, gara sauti ya ɗan makara da ya riga hoto. Mun saba ganin walƙiya kafin mu ji tsawa, shi ya sa kunne ke yi wa jinkiri uzuri, amma da murya ta riga baki nan take mutum zai tsargu.

Kuma don Allah masu shago, a kalli minti biyar na ƙarshe kafin a ɗora, domin faifan DVD-R ba ya gogewa. In kuwa faifan daidai yake a kwamfuta, a gida ne kawai yake saɓawa, a duba ko an haɗa sifika kai tsaye da na'urar DVD. Talabijin na zamani yakan ɗan riƙe hoto yana tacewa, sautin kuma ya riga ya fita. A mayar da wayar sautin ta bi ta talabijin ɗin.

A nan za mu dakata. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]